Gishiri Cikin Ganyen Itatuwan Dashe

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Amma dasa icce daban, rayar da shi daban. Wani lokaci manomi ya ga bakin ganye ya ƙone, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Alhali kuwa ruwan ne ke kashe iccen.

Mine ne dalili?

Cikin gishirin miya akwai wani abu da masana ke kira kulorur. Akwai shi kuma cikin ruwan rijiya mai zartsi. Icce yana bukatarsa, amma kaɗan ƙwarai. Saiwa tana shan ruwa tare da kulorur, su hau har ganye. Rana ta busar da ruwan, kulorur ya tsaya. Kullum yana taruwa, kamar yadda gishiri ke saura a gindin tukunya in ruwa ya ƙafe.

Masana suna busar da ganye su auna. Ga itatuwa marasa jimiri, in kulorur ya kai garam 3 zuwa 10 cikin kilo guda na busasshen ganye, ganyen zai fara ƙonewa.

Yaya ake ganewa?

Ƙunar tana farawa daga tsinin tsohon ganye, ta bi gefe-gefe, daga baya ganyen ya zube. Sau da yawa ana ganin farin ɓawo bisa ƙasa a gindin iccen. Iccen da ke jin ƙishirwa yana yaushi, in an ba shi ruwa ya farfaɗo. Mai ciwon gishiri kuwa, ƙarin ruwan zartsi yana ƙara masa ciwo.

Mi ya kamata a yi?

1. A ɗanɗana ruwan rijiya kafin a kafa wurin renon itatuwa kusa da ita.
2. A zuba ruwa ga gindi, kada a yayyafa bisa ganye.
3. Lokaci lokaci a ba da ruwa mai daɗi da yawa, don ya tura gishirin ƙasa da saiwa. Ƴan leda su zama da huda.
4. A rufe gindin icce da kara ko ciyawa.
5. A zaɓi iccen da ya dace. Dabino yana jimre gishiri, turare ma yana ƙoƙari. Mangwaro da lemo ba su jimrewa.

Wanda ya ga waɗannan alamomi cikin gandun ƙauyensu, ya kai ganyen ga ma'aikacin gandun daji tun iccen yana da sauran rai.