Manhajar Daina Shan Taba: Aikin Yana Cikin 'Yan Mintoci

Duk mai shan taba sigari ya san tana kisa, a jikin kwalin ma an rubuta masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na hallaka mutum sama da miliyan 7 a shekara, kuma tun 2015 dokar Nijeriya ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma ku leƙa teburin mai shayi da daddare, hayaƙi na nan na tashi. Shi ya sa mu ɗaliban kwamfuta, idan muka zauna tsara manhajar waya da za ta taimaki mutum ya daina, ba ma farawa da wa'azi. Tambayarmu ta farko ita ce: a wane lokaci mashayi ke kasa daurewa?

Amsar tana cikin yadda sinadarin nikotin ke aiki. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa daƙiƙoƙi ne kawai, shi ya sa jiki ke saurin sabawa. Idan aka daina, kwanakin farko ne suka fi wuya: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai. Sai dai marmarin ba ya wuni a jiki. Tasowa yake kamar guguwa, ya yi 'yan mintoci, ya lafa. Waɗannan mintocin su ne filin aikinmu.

Don haka abin da ya kamata ya fi girma a allon farko shi ne madanni guda: "Ta motsa min". Da an taɓa shi, manhajar ta riƙe mutum, ta sa shi jan numfashi a hankali, ta tura shi shan ruwa, ko ta kira masa abokin da ya zaɓa. Sannan ta tambaye shi: kana ina, me ya faru? Bayan mako guda za ta gane cewa wannan bayan cin abinci take kama shi, wancan kuma sai a majalisa, sai ta riƙa riga marmarin zuwa da saƙo.

Akwai lissafin kuɗi ma. Kara biyar a rana kara 150 ne a wata. Mutum ya shigar da farashin da mai tebur ke sayar masa, ya ga abin da ya rage a aljihunsa. Idan kuma ya zame ya sha kara ɗaya, a ganinmu kuskure ne manhaja ta goge masa kwanakinsa ta mayar da shi sifili. Mafi yawan waɗanda suka daina sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.

Shin tana aiki? A 2020 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum sama da 2,400. Cikin masu amfani da iCanQuit, wadda ke koya wa mutum ya lura da marmarin har ya wuce ba tare da ya biye masa ba, kimanin kashi 28 cikin 100 sun daina bayan shekara guda. Masu ɗaya manhajar kuwa kashi 21. Ci gaba ne, amma kun ga mafi yawa ba su daina ba, don haka dole a bar wurin da zai nuna wa mutum hanyar asibiti.

Ƙannenmu, darasin da ya fi burge mu daga Indiya yake. A 2016 suka ƙaddamar da shirin da mutum zai yi fulashin ɗin wata lamba kawai, saƙonnin tes su fara zuwa masa. Ba data, ba babbar waya. A nan ma da yawan mashaya ƙaramar waya suke riƙewa, wasu kuma karatun boko na ba su wuya, saboda haka saƙon murya da Hausa zai fi dogon rubutu amfani. Kuma kada sunan manhajar ya tona asiri, domin akwai mai sha a ɓoye da ba ya son a gani a wayarsa.

Ba sai kun iya rubuta manhaja za ku fara ba. Ku zana allo uku a takarda, ku kai wa wani kawu da ke son dainawa, ku ce ya danna da yatsa. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan za ku gyara.