Nijar: Maƙwabciyar da ba ta da bakin teku

Daga Sakkwato, in ka bi ta Illela ka tsallaka iyaka, ka isa Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar. Mafi yawan ƙasar hamada ce, shi ya sa jama'a suka taru a kudu, inda gero ke yi. Hausawa sun fi rabi, sai Zabarmawa, Buzaye, Fulani da Barebari.

Rashin teku ne ke ci mata tuwo a ƙwarya. A da, kayanta sun saba sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, manyan motoci su kawo su Gaya. Da Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, talaka ne ya ɗanɗana kuɗarsa: shinkafa da magani suka yi tsada, har 'yan kasuwar Illela suka ji a jikinsu.