Me ya sa kajin gida ke mutuwa a lokacin hunturu?

A duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, gidaje da dama a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi, a arewacin jihar Kano, kan yi asarar kajin da suka shekara suna kiwo.

Asarar ta fi shafar mata, domin galibi su ne masu kajin. Kaza ce asusunsu: ita ake sayarwa a sayi magani ko littafin makaranta, ita ake yanka wa baƙo.

Akasarin jama'a na ɗora laifin a kan sanyi. Sai dai likitocin dabbobi na cewa sanyin hunturu shi kaɗai ba kasafai yake kashe babbar kaza mai ƙoshin lafiya ba. Zafin jikinta ya kai kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma gashinta na riƙe mata ɗumi.

Cutar da ke shigowa da iska

Abin da ya fi yin ɓarna shi ne cutar Newcastle, wadda aka fara ganowa a 1926 a tsibirin Java na Indunusiya da kuma birnin Newcastle na Ingila. A arewacin Najeriya ta fi ƙamari ne da hunturu.

Alamunta sun haɗa da kasala, da sakin fukafukai, da koren zawo, da wahalar numfashi, wani lokacin har da murɗewar wuya. Idan mai tsanani ce, takan share garke cikin 'yan kwanaki.

Yanayin zaman yankin na taimaka mata. Gidaje da gonaki a haɗe suke, kuma kajin maƙwabta na kiwo a juji ɗaya. Da zarar cuta ta ɓulla, wasu kan hanzarta kai sauran kajinsu kasuwa, mai saye kuma ya kai ta wani ƙauyen. Wasu kan yanka wadda ta kamu tun kafin ta zama mushe, a watsar da hanji da gashi a bayan gida, inda sauran kaji ke tono.

Cutar ba ta da magani. Kafso ko barkono da ake zubawa a ruwan sha ba sa kashe ƙwayarta.

Rigakafi kafin sanyi

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na sarrafa maganin rigakafin cutar, ciki har da nau'in I-2, wanda aka samar a Jami'ar Queensland ta Ostireliya domin kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido.

Kariyar kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kankama, don haka ya kamata a yi shi tun da kaka, a kuma maimaita bayan kamar wata huɗu. Ya fi amfani idan unguwa ta haɗa kai, kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Sabuwar kaza daga kasuwa kuwa, a ware ta na mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta ko a ƙone.

Akurki da tsaki

Inda sanyi ke kisa kai tsaye shi ne wajen 'yan tsaki. A makonsu na farko suna buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 ko fiye, alhali da asubar Janairu ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15 a Kano. A tsare su da uwarsu har hantsi ya ɗaga.

A kare akurki da zana ko buhu ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, amma a bar kafar shan iska ta sama. Toshe shi ruf na tara warin kashi mai lahani ga numfashi, garwashi a rufaffen wuri kuma na iya shaƙe kajin. A shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, a riƙa sauyawa.

A wannan lokaci ƙwari da ɗanyar ciyawa sun yi ƙaranci, saboda haka kiwon sake ba ya ƙosar da su. Ƙarin dusa da tsakin dawa ko gero, musamman da yamma, tare da ruwa mai tsabta, na taimaka masu su kwana da ɗumi.

Ba kowace annoba ce Newcastle ba

Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, ta kuma sake ɓulla a Kano a 2015, tana kama da Newcastle ƙwarai, kuma tana iya kama ɗan Adam. Gwaji ne kaɗai ke bambanta su.

Saboda haka idan kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, kada a ci, kada a sayar, a hana yara taɓa su, a kuma sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa.