Ciwon “Sai Gobe” a Tsakanin Matasan Zango

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya dare da rana suna bin juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya ratsa lungunan Nima da Maamobi bayan La'asar zai tarar da samari gungu-gungu a kan benci, butar ataya tana tafasa a kan gawayi, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Wannan majalisa ita ake kira bes. Ba mu ce zaman bes duka sharri ba ne, domin a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, a nan ake jin labarin aiki. Sai dai idan aka tambayi wani daga cikinsu ina aka kwana game da jarrabawar da zai sake zanawa, ko sana'ar da kawunsa ya nema masa, ko karatun Alƙur'anin da ya tsaya a izu 20, amsar ɗaya ce: “Gobe, in sha Allahu.”

Malamanmu suna kiran wannan ciwo taswifi, wato mutum ya riƙa ture aikin yau zuwa gobe har ajali ya riske shi. Kalmar in sha Allahu kuwa ta wanda ya ɗaura niyya ce, ya tashi tsaye, sannan ya mayar da al'amarinsa ga Ubangiji. Mayar da ita mayafin lalaci rashin ladabi ne ga sunan Allah. Ya isa wa'azi cewa Allah ya rantse da lokaci a Suratul Asri, surar da yaranmu suke haddacewa tun suna ƙanana.

Bari mu yi lissafi. Saurayin da yake zaman awa 3 a bes kowace rana yana ɓatar da awa 1,095 a shekara, wato fiye da kwana 45 cur, dare da rana. Mushafin bugun Madina shafi 604 ne. Wanda ya lizimci shafi ɗaya tak a kullum zai kai ƙarshensa kafin shekara 2 ta cika. Ashe ba lokaci ne ya yi ƙaranci ba.

Gaskiya ne cewa jarrabawar yaran yau ta fi ta iyayensu nauyi. Kamfanonin da suka ƙirƙiro TikTok da Facebook da makamantansu suna samun kuɗi ne daga tallace-tallace, don haka ribarsu tana ƙaruwa gwargwadon daɗewar idon mutum a kan waya. Shi ya sa bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya biyo shi. Ga kuma cacar ƙwallo, wadda addini ya haramta, ta shigo aljihun yaro ba tare da ya taka ƙafa zuwa shagon caca ba. Abin lura shi ne, Mohammed Kudus, ɗan Nima da samari suke kallo a talabijin, tun yana yaro ya bar gida ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya tafi Danmak a 2018, ya koma Ajax ta Holan a 2020, sannan Ingila a 2023. Shekarun atisaye ne suka kai shi can. Mai zuba kuɗi a kan wasansa kuwa yana nan a bencin da ya saba.

Magabatanmu sun bar mana misali tun kafin wannan. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, amma bai ajiye alƙalami ba. Ya koyar, ya yi limanci, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934, kuma ana adana kwafen ayyukansa a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ba ma sai mun je nesa ba: iyayenmu mata masu koko da ƙosai da masu wake da shinkafa suna hura wuta tun kafin kiran assalatu. Da sun ce sai gobe, da gidaje da yawa ba su ci ba.

Maganin yana cikin makarantar allo da muka gada. Malam ba ya rubuta wa almajiri izu guda a rana ɗaya. Ayoyi kaɗan ake rubutawa, a biya, a haddace, a wanke allo, a ƙara. Babban aiki yana tsoratar da zuciya, shi ya sa take gudunsa. Idan aka gutsura shi sai ya yi sauƙin ɗauka. Don haka muna ba iyalai shawara uku.

Na farko, a ɗaure kowane aiki da wata salla. A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6, kusan duk shekara, don haka tsarin da aka kafa ba zai rushe ba. “Bayan Asuba zan yi lissafi shafi 2” ya fi “zan fara karatu.”

Na biyu, daga Magariba zuwa Isha'i a tara wayoyin gida wuri guda, kuma maigida ya fara ajiye tasa, domin yaro da ido yake koyo.

Na uku, wanda gidansu ya cika da hayaniya ya nemi wurin zama. Akwai ɗakin karatu a Nima tun 1998, wanda asusun da Kathy Knowles 'yar Kanada ta kafa ya samar, ga kuma masallatai da suke zama wayam tsakanin salloli. Shugabannin bes su ma suna iya ware awa ɗaya ta karatu kafin a ɗora buta.

Ya ku iyaye da matasa, tun watan Satumba na 2017 aka ɗauke kuɗin makarantar babbar sakandare ta gwamnati a Ghana, uzurin da ya tsayar da yayyenmu da yawa. Amma rajistar jarrabawa tana da ranar rufewa, ƙuruciya ma haka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowa ya zaɓi aiki ɗaya da ya daɗe yana turewa, ya fara shi bayan sallar da ke tafe.

Allah ya sanya albarka a lokutanmu, ya shirya mana zuriyarmu, ya tsare mu daga kasala. Amin.