Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara wa Mota Ƙashi

Duk mai bi ta tashar Kawo ko ta Mando a Kaduna ya san motocin da bayansu ya ɗaga sama in babu kaya, sai an yi lodi su daidaita. Sirrin ba ɓoyayye ba ne: an ƙara musu sifirin, ko an musanya na kamfani da na mota mafi girma, don su ɗauki buhunan da suka fi ƙarfinsu ba tare da gindinsu ya ja ƙasa ba. Direba na ganin motar ta miƙe sai ya ɗauka ta ƙara ƙarfi. A nan kuskuren yake. Sifirin yana tallafe nauyi ne ya miƙa shi ga shasi. In an taurara shi an bar shasi yadda yake, bugun da sifirin mai laushi yake shanyewa a gargada zai riƙa dira kai tsaye a kan ƙarfen da ba a yi shi don haka ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne masu gyaran motocin ƙawa da ake kira lowrider a Amurka. Al'adar ta samo asali ne a tsakanin 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles, masu saukar da mota har ta kusa taɓa kwalta. A 1958 jihar Kalifoniya ta haramta hawa titi da motar da wani sashenta ya yi ƙasa da bakin ƙarfen taya. Sai wani matashi, Ron Aguirre, ya ɗauko famfon mai irin na jiragen sama ya sanya a motarsa ƙirar Corvette, ta yadda zai ɗaga ta ko ya sauke ta yana zaune. Daga nan abin ya kai ga motoci suna tsalle, famfuna da jerin batura sun cika but. Da shasi ya fara tsagewa, musamman a Chevrolet Impala ta 1958 zuwa 1964 mai shasi kamar harafin X, sai suka kafa ƙa'ida: kafin a sa famfo, a sauke bodi, a wanke shasi tas, a lulluɓe shi da fallen ƙarfe mai kaurin kusan milimita 5 zuwa 6. Abin da ke ɗaukar bugu shi suke fara gyarawa.

Yadda suke aikin ma akwai darasi. Ba sa zuba walda a dogon layi ɗaya, domin zafi yana karkatar da ƙarfe. Suna ɗinki kaɗan a wannan gefe, su koma wancan, su bari ya huce, bayan sun ɗaure shasin a kan teburi don kada ya murɗe. Bakin fallen da ake mannawa kuma ba a yanka shi a miƙe, ana fiƙe shi ne ko a zagaye shi, saboda inda ƙarfe mai kauri ya tsaya kwatsam nan tsaga take farawa. Ba a kuma yin walda a kan tsatsa. Masu ƙera manyan motoci har gargaɗi suke mannawa cewa kada a huda ko a yi walda a leɓen shasi, don ƙarfen an gasa shi ne, zafi na kashe masa ƙarfi.

Za a ce ai hanyoyinmu ne suka tilasta, motar da aka ƙera don titin Jamus ba za ta kai Birnin Gwari ba sai an ɗaga ta. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ɗaga mota laifi ne. Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ta samu karɓuwa ne don ƙirar 504 tana jure hanyoyinmu. Amma ɗaga mota don ta tsallake rami daban, ɗaga ta don ta ɗauki obalodi daban. Bugu da ƙari, Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu ba su da shasi mai zaman kansa irin na Hilux ko Canter. Bodinsu shi ne ƙashinsu, siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka manne. Taurin sifirin a irin wannan mota yana tsaga mazaunin sifirin ɗin ne, a wurin da kafet da fenti suka rufe.

Wani kuma zai ce shekara da shekaru ana yi, ga motocin nan suna ta kai da komo. To, gajiyar ƙarfe ba ta sallama. Tsagar tana farawa kamar silin gashi, tana ƙaruwa da kowane rami, ranar da za ta buɗe kuwa ana cikin gudu ne. Ko da an ƙarfafa shasin yadda ya kamata, birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su. Taya mai lamba 91 a gefenta kilo 615 kawai aka yarda ta ɗauka, kuma duk ƙarin nauyi ƙarin zafi ne ga birki a gangara. Iyakar nauyin mota tana rubuce a jikinta, galibi a ginshiƙin ƙofar direba, babu waldar da ke canja ta.

Gwanaye ba su yi mana ƙaranci ba. Masu walda na Panteka suna ƙera abin da ya fi wannan wuya, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtansu. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin makanikai da na direbobi su mayar da duba shasi sharaɗi kafin a taɓa sifirin, jami'an kiyaye haɗurra kuma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota, ba takardu kaɗai ba. Kai kuma fasinja, in ka ga bayan mota ya ɗaga ba ta da kaya, ka san lodin da ake yi mata ya wuce ƙima. Jiran ta gaba ya fi maka alheri.