Yadda Ake Auna Numfashin Teku

Wata rana ina koyar da kimiyya a nan Bauchi, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, duk hayaƙin nan na motoci da injuna da itacen girki, ina yake zuwa?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, don haka na ga ya kamata in rubuta amsarta, ko sauran 'yan'uwa sa amfana.

A cikin hayaƙi akwai wata iska marar launi, sunanta kabon-dayoksaid, ita ce kuma muke fitarwa in mun yi numfashi. Tana riƙe zafi kamar bargo, in ta yi yawa sai duniya ta ƙara ɗumi. Kusan rabin wadda mutane ke saki tana zama a sarari, itatuwa da tsirrai su sha wani kashi, teku kuma ta sha wajen kashi ɗaya cikin huɗu. To, yaya aka san rabon teku? Aunawa aka yi.

A 1957 da 1958 wani masani mutumin Japan, Taro Takahashi, ya shiga jirgin ruwan bincike mai suna Vema, na Jami'ar Kolambiya ta Amurka, ya yi watanni yana auna wannan iska a Tekun Atlantika. Dabarar da ya bi, kusan ita ake bi har yau.

Ga yadda ake yi. Famfo yana jawo ruwa ta ƙarƙashin jirgi, yana fesa shi cikin wani rufaffen gwangwani mai 'yar iska a ciki. Ruwa da iskar nan suna ta musaya har su daidaita. Sa'an nan a busar da iskar, a tura ta cikin na'ura inda ake haska mata wani haske mai zafi wanda ido ba ya gani. Gwargwadon hasken da ta shanye, gwargwadon yawan kabon-dayoksaid ɗin da ke cikinta ke nan. Bayan wannan a jawo iskar sarari ta bututu daga goshin jirgi, nesa da hayaƙin injinsa, ita ma a auna ta. In awon ruwa ya fi na sarari, teku tana fitarwa. In na sarari ya fi, tana sha.

Aikin yana bukatar kula. In ruwan ya ƙara ɗumi da digiri ɗaya a cikin bututu, awon zai hau da wajen kashi 4 cikin 100, saboda haka dole a auna zafinsa a gyara lissafi. Ita ma na'urar, bayan 'yan sa'o'i akan jarraba ta da iskar tukwane wadda aka riga aka san awonta, kamar yadda ake gwada mudu da mudu.

Abin da aka gano shi ne, ruwan sanyi, irin na arewacin Atlantika, ya fi sha, na wajen tsakiyar duniya kuwa yawanci fitarwa yake yi. Kuna iya nuna wa yara dalili ɗaya da kwalabe biyu na lemo, ɗaya mai sanyi, ɗaya ta sha rana. Ku buɗe su, za ku ga mai zafin ta fi yin kumfa, watau ruwan zafi ba ya riƙe iskar sosai.

A tudu ma ana awo. Charles Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na Hawayi a 1958, ya sami wajen kashi 315 cikin miliyan. A 2024 awon ya haura 420.

Wani zai ce ina ruwan Bauchi da teku? Iskar da ke kawo mana damina daga Atlantika take tasowa, zafin ruwanta kuwa yana taɓa yawan ruwan saman da gonakinmu ke samu. Har wa yau, in teku ta yi ɗumi ta rage sha, abin da ya saura a sarari zai ƙaru, zafi ya ƙaru a kanmu.

Saboda haka, malaman gobe, in an tura ku makaranta, ku kafa ma'aunin ruwan sama, ku sa yara su duba shi kowace safiya, su rubuta abin da suka gani daidai, ko da sifiri ne. Da irin wannan haƙuri aka san abin da teku ke sha.