Kalmasa da Dajiya: Yadda Ake Rufe Bakin Abin Rufa a Ƙasar Jibiya

A Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya, da sauran ƙauyukan da ke kan iyakar Katsina da Maraɗi, hunturu ne ke tona asirin kayan shimfiɗa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake fiddo bargo da gwado da luru daga cikin adaka, kuma duk mai lura zai ga cewa daga baki suke fara mutuwa, tsakiyarsu na nan garau. Baki ne hannu ke ja cikin dare, shi ke jan ƙasa, shi ake murɗawa wurin wanki. Shi ya sa dattijuwar da ta je sayen kayan ɗakin ɗiyarta, kafin ta tambayi kuɗi, take kama kusurwa ta ja, ta juya baya ta duba sawun allura. Wannan ɗabi'a ba tsirfa ba ce. A ganina aikin baki shi ne ma'aunin da ya fi gaskiya wajen gane ko abin rufa zai yi shekara goma ko damina biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce kalmasa: a naɗe bakin ƙyalle sau biyu har ɗanyen yankan ya shige ciki, a bi shi da ɗinki. Wannan ta wadatar ga zane ko zanen gado mai falle ɗaya. Amma abin da aka yi wa ciko, wato ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, auduga ko tsofaffin zannuwa a tsakani, in aka kalmashe shi sai bakin ya yi tudu, ya ƙi kwanciya, allura ma ta ƙi shiga. Nan ne dajiya ke shigowa. Maɗinki zai daidaita gefen da almakashi, ya yanko wani ƙyalle daban mai tsawo, faɗinsa kamar yatsu uku zuwa huɗu, ya ɗinke shi ta fuska, sannan ya lanƙwaso shi ya rungume bakin, ya kama shi ta baya da ƙananan ɗinki. Gwanaye ba su yanka wannan ƙyalle a miƙe, a karkace suke yanka shi, kuma dalilin a fili yake: wanda aka yanka a karkace yana da ɗan talewa, yana bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba, sannan zaruruwansa sun gicciye bakin, don haka gogayya ba ta faɗa wa zare ɗaya tilo. Wanda aka yanka a miƙe kuwa, da zarar zaren da ke kan tsinin ya cinye, sai dajiyar ta tsage tun daga wannan kusurwa har waccan. A kusurwa ake gane sabon hannu, don ko dai ya bar ƙulli ko ya bar kafa. Gwani ninke ta yake yi a karkace ta kwanta lif, kuma ba ya haɗa bakin dajiya biyu a kusurwa, sai a tsakiyar gefe inda ja ba ya da ƙarfi.

Saƙar gida tana da nata tsarin. Gefen gwado biyu na tsawo ba su buƙatar komai, domin abawa ta riga ta rufe su tun a masaƙa tana kai da komo. Sauran ƙarshe biyun da aka yanko, inda zaren tsaye ya rage, su ake murɗawa a ƙuƙƙulle su zama geza. Mai ɗinkin katifar audugar rimi kuma yakan cusa igiya cikin dajiya don gefen ya tsaya, tabarmar kaba mai daraja a kai ta wa dukawa su rufe bakinta da jar fata.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne kawai, tunda an saba zaɓen launi mai ɗaukar ido, ja ko kore, a yi dajiya da shi. Amsarsu tana wurin 'yan lifida. Lifidi, wanda har yau ake gani a hawan Sallar Katsina, babban abin rufa ne mai ciko da ake lulluɓa wa doki da mahayinsa don tare kibiya, kuma wani Bature mai suna Clapperton ya ga irinsa a rundunar Sarkin Musulmi Bello a yaƙin Gobir a 1826. Audugar rimi santsi gare ta, ƙaramar kafa ta ishe ta fita. Lifidin da bakinsa ya kece cikin ƙaya da gumin doki zai zubar da cikonsa, ya koma tsumma a jikin mai shi lokacin da ya fi buƙatarsa. Mutanen da ransu ya rataya ga ɗinki ba su rufe baki don ƙawa ba. Launin daga baya ya hau kan larura, kamar yadda shafin alharini a cikin bakin babbar riga yake ƙara mata kyau alhali aikinsa na farko shi ne ba ta nauyi da kare ta daga cinyewa.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta kuɗi. Hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta daɗe tana kwararo gwanjo da barguna na masana'anta, kuma ko rufe iyakar da aka yi a 2019 da 2023 bai sa mutane sun koma masaƙa ba. Magidanci mai 'ya'ya takwas ba za a ce masa ya jira aikin hannu na kwana uku ba, wannan gaskiya ne. To amma a dubi bargon kantin nan: sau da yawa ƙyalle mai sheƙi ne aka liƙa masa da layin ɗinki ɗaya, in zare ya tsinke wuri guda sai ya bi ya warware. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ƙarko. Laifin ma ba na keken ɗinki ba ne, don tela mai haƙuri yana iya kama fuska da keke, ya bi baya da layi biyu, aikin ya yi ƙwari. Abin da ya ɓace shi ne mai saye da ya san abin da zai tambaya. Dajiya kuma tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ana iya farke ta a sa sabuwa, bargon ya ci gaba da aiki, da kuɗin da bai kai na sabo ba.

Don haka iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki, da magidanta masu shiga kasuwar Jibiya ran Lahadi, kafin ku biya ku juya bargon ku ja kusurwa. In layi ɗaya ne, ku biya wurin tela ya ƙara na biyu tun bai ga ruwan wanki ba.